Waƙa a Bakin Mai Ita: Yadda Bahamas Take Baje Kolin Zane-zanenta

A birnin Nasau, hedikwatar ƙasar Bahamas, an yi wani mai fentin gidaje da ake kira Amos Ferguson. An haife shi a 1920 a tsibirin Exuma, ɗan wani mai wa'azin coci, ya shigo birni da ƙuruciyarsa neman abin kansa. Sai da girma ya fara kama shi sannan ya soma zane. Bai damu da kayan zane masu tsada ba. Irin fentin da yake shafa wa gidajen mutane shi yake ɗiba, ya samo kwali, ya zana labaran Littafi Mai Tsarki da tsuntsaye da kifaye da masu rawar biki, da launi mai ƙarfi kamar zai yi magana. Ya daɗe yana yi, 'yan ƙasarsa ƙalilan ne suka ɗauki abin da muhimmanci. Sai a 1985, da wani tsohon gidan adana zane-zane na birnin Hartford a Amurka, wato Wadsworth Atheneum, ya baje kolin aikinsa, sannan mutanen gida suka farga da abin da ke gabansu. Kafin ya rasu a 2009 har an sa wa titin da yake zaune sunansa.

Me ya sa sai da baƙi suka yaba kafin gida ta gani? Wani ɓangare na amsar shi ne, a lokacin ƙasar ba ta da wani gida na ƙasa da za a rataya zanen Ferguson, ɗan makaranta da lebura da minista su zo su tsaya a gabansa. Abin da ba a nuna ba, ba a san darajarsa, kuma wannan giɓi ne Bahamas ta yi shekaru tana ƙoƙarin cikewa.

Bahamas tarin tsibirai ne kusan 700 a tekun Atlantika, kudu maso gabas da jihar Fulorida ta Amurka, amma kimanin 30 ne kawai ake zaune a cikinsu. Jama'arta wajen 400,000 ne, akasarinsu jikokin 'yan Afirka da aka kai bauta. Ta samu 'yancin kai daga Ingila ranar 10 ga Yuli, 1973. Abincinta yawon buɗe ido ne: miliyoyin baƙi ke sauka duk shekara, yawancinsu daga manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, har sukan ninka 'yan ƙasar fiye da sau ashirin.

Wannan arziki yana da nasa haraji. Tun ƙarni na 19 baƙi ne ke zana ƙasar da ɗaukar hotonta. Shahararren mai zanen Amurka, Winslow Homer, ya je can a 1884, ya kuma komawa a 1898, ya zana shuɗin ruwa da masunta da itatuwan kwakwa. Masu ɗaukar hoto suka cika katunan gaisuwa da farin rairayi da rana. Idan baƙar fata ya fito a hoton, sau da yawa yakan fito ne a matsayin ado, ko mai hidima, ko yaro mai nutso don tsintar kwabon da baƙo ya jefa a ruwa. Da kaɗan-kaɗan kasuwa ta koya wa mai zane na gida cewa abin da ke sayuwa ke nan. Baƙo kuwa, komai girman idonsa, abin da ya zo nema shi yake gani.

Canji ya fara ne daga wata masana'antar tangaran da aka buɗe a Nasau a ƙarshen shekarun 1950, mai suna Chelsea Pottery. A nan samari irin su Brent Malone da Maxwell Taylor da Kendal Hanna suka koyi riƙe buroshi. Taylor ya duƙufa kan zana wahalar talaka, musamman mata masu ɗauke da nauyin gida. Malone, wanda ake yi wa laƙabi da uban zanen Bahamas na zamani, ya buɗe ƙananan gidajen baje koli da kansa, kuma ya yi abin da a da ake ganin bai dace da mai ilimi ba: ya mai da bikin Junkanoo jigon zanensa.

Duk mai son fahimtar zanen Bahamas sai ya san Junkanoo. Biki ne da ya samo asali daga 'yan kwanakin hutun Kirsimeti da ake ba bayi, kuma wasu masana suna danganta sunan da John Canoe, wani jagoran ƙabilar Ahanta a gaɓar tekun Ghana ta yau. Ana yin sa ranar 26 ga Disamba da ranar sabuwar shekara, cikin dare har gari ya waye, a titin Bay Street. Watanni kafin ranar, ƙungiyoyi irin su Valley Boys da Saxons sukan kulle kansu a rumfunan aiki don haɗa shigar bikin, suna yanka kwali, suna lanƙwasa waya, suna yayyanka takarda mai launi siri-siri suna manna ta jeri bisa jeri, har kwalin ya ɓace ƙarƙashin launi. Wata shigar takan fi tsayin mutum biyu. Ranar biki gangunan fatar akuya su ɗauka, ƙararrawar shanu da usur da ƙaho su amsa. A Disambar 2023 hukumar UNESCO ta sa Junkanoo cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sai dai kwali da takarda ba sa jure ruwa da zafi, don haka aikin wata shida yakan ƙare cikin dare ɗaya. Nan ne amfanin mai zane da gidan baje koli ya fito, domin su ne ke riƙe abin da titi ba zai iya adanawa ba.

A 1984 Babban Bankin ƙasar ya fara gasar zane ta shekara-shekara, wadda ta zama ƙofar farko ga matasa da yawa. A 1991 wasu masu zane shida, Malone da Taylor da Antonius Roberts da John Beadle da 'yan'uwan nan biyu Jackson da Stan Burnside, suka kafa ƙungiyar B-CAUSE, suna kiran a gina gidan zane na ƙasa. Attajirai irin su Vincent D'Aguilar kuma suka riƙa sayen aikin 'yan gida suna tarawa, abin da ya hana da yawa daga ciki ficewa ƙetare.

Burin ya cika a 2003, lokacin da aka buɗe Gidan Zane-zane na Ƙasar Bahamas a wani tsohon gini mai suna Villa Doyle. An gina shi a shekarun 1860 don William Doyle, wanda ya zama alƙalin alƙalai a zamanin mulkin mallaka. Ginin ya lalace har ana maganar rushe shi, sai masaniyar tarihi Gail Saunders ta jagoranci gyara shi. Wurin da yake ma abin lura ne. Yana kan tudu, gabansa tashar jiragen baƙi da kantuna, bayansa unguwannin da baƙaƙen fata suka zauna tun bayan bauta. Gidan da a da talaka ba ya shiga sai ta ƙofar baya, yau zanen jikokinsa ne a bangonsa.

Aikin irin wannan gida ya wuce rataya hoto. Akwai mai tsara baje koli, wanda ke zaɓen abin da za a nuna da abin da za a ajiye kusa da shi, ya rubuta bayanin da zai sa mai kallo ya gane. Akwai masu kula da lafiyar zane, domin iskar teku mai gishiri da danshi abokan gabar takarda da fenti ne. Gidan yana shirya Baje Kolin Ƙasa, galibi duk bayan shekara biyu, inda ake kiran masu zane na gida da na ƙetare su kawo aiki kan wani jigo. Yana koyar da yara a lokacin hutu, kuma da yake ƙasar a warwatse take cikin teku, yakan ɗauki zane-zane ya kai wa mutanen ƙananan tsibirai har inda suke.

An ga ƙimar wannan a 2019. A farkon Satumba guguwar Dorian ta afka wa tsibiran Abaco da Grand Bahama, ta kashe mutane da dama, ta raba dubbai da muhallinsu. Cikin 'yan watanni gidan ya buɗe baje koli mai suna Refuge, wato mafaka, inda masu zane suka zuba abin da ke ransu na rashi da tsoro. Babu kamfanin yawon buɗe ido da zai buga irin waɗannan hotuna a tallarsa, amma masu makoki sun samu inda za su ga halin da suke ciki a idon 'yan'uwansu.

Baje kolin ma ba ya tsaya a cikin gini. A Clifton, wata tsohuwar gonar bayi a bakin teku, Antonius Roberts ya sassaƙa kututtukan itatuwa a inda suke tsaye, ya mai da su siffar mata masu duban teku, ta wajen da aka kawo kakanninsu. Shi kuwa Tavares Strachan, ya sa aka yanko ƙanƙara mai nauyin tan 4.5 daga Alaska, a 2006 aka kai ta makarantar firamaren da ya yi a Nasau, aka ajiye ta cikin firiza mai aiki da hasken rana, yaran da ba su taɓa ganin sanyin hunturu ba suka zo kallo. Shi ne ya wakilci Bahamas a 2013, karonta na farko da rumfarta ta kanta a babban baje kolin birnin Benis na Italiya.

Har yanzu da sauran aiki. Masu saye na gida ba su da yawa, akasarin gidajen baje koli a Nasau suke, kuma kuɗin baƙi na nan yana jan hannun mai zane zuwa ga rairayi da kwakwa. Manyan otal-otal irin su Baha Mar sun fara cika bangonsu da aikin 'yan ƙasa, abin da ke kawo kuɗi, yake kuma tayar da tambayar wa ake yi wa zanen. Amma bambancin jiya da yau a bayyane yake. Yarinyar da ta hau tudun Villa Doyle tare da 'yan ajinsu za ta tarar da kwalin Amos Ferguson a rataye cikin daraja, da fentin gidaje a jikinsa, ba tare da ta jira wani daga Hartford ya gaya mata cewa abin na da kyau ba.