Grand-Bassam: abin da kasuwar katako ta bari a baya

Daga tashar Bassam da ke Treichville, tafiyar kilomita 40 ce kawai zuwa Grand-Bassam. Yawancin masu zuwa bakin teku suke nufa ranar Lahadi. Amma wanda ya ratsa tsohuwar unguwar da ake kira Quartier France zai ga benaye babu rufi, itatuwa sun tsiro ta cikin tagoginsu. Gidan Ganamet na cikin waɗanda suka fi ɗaukar ido. Kuɗin fatauci ne suka gina unguwar, kuma katako na kan gaba a hajar da ta riƙe garin.

A 1893 Faransa ta mai da Bassam babban birnin Kodebuwa. Annobar zazzaɓin shawara ta 1899 ta kori gwamnati zuwa Bingerville, sai dai ciniki bai bi ta ba, domin a Bassam aka kafa doguwar gadar ƙarfe ta lodin jirage a 1901. Icen da Turawa suka fi nema shi ne akaju, ɗan'uwan maɗacin da muka sani a ƙasar Hausa. A kurmi ake sare shi da gatari, ƙarti su ja gungumen da igiya har bakin ruwa, sannan a ɗaure gumaguman a koro su ta kogin Comoé da tafkunan gaɓar teku. Aiki ne mai cin rai, kuma da yawan leburorin tilas aka yi musu, har sai da dokar Houphouët-Boigny ta 1946 ta soke aikin dole. A Moossou, gefen garin, kamfanin SCAF ya kafa injinan tsaga katako, jama'a suka taru kewaye da shi.

Ba ƙarewar itace ce ta fara durƙusar da Bassam ba, hanya ce ta kauce mata. A 1931 aka buɗe wata gadar lodi a Port-Bouët, kusa da layin dogo. A 1950 aka fasa mashigin Vridi, manyan jirage suka samu shiga tafkin Ébrié, shekara guda bayan haka tashar Abidjan ta fara aiki. Kamfanoni suka kwashe ofisoshinsu, aka kashe fitilar hasumiyar da ke yi wa jirage jagora. Arzikin da Bassam ta rasa shi ne ya cika Treichville da Adjamé da baƙi, cikinsu har da iyayenmu da kakanninmu daga Tawa, Maraɗi da Kano. Haka Sassandra ma ta gani a yamma, da tashar San Pedro ta karɓe mata lodin gumagumai a farkon shekarun 1970.

Kada a ɗauka Bassam kufai ce gaba ɗaya. Garin ya sake cika da mutane, kuma UNESCO ta sa tsohuwar unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2012. Sana'ar ce ta tafi ba ta dawo ba.

Wannan labari ya shafi 'yan'uwanmu masu rumfunan katako a Abidjan, sana'ar da 'yan Nijar suka daɗe a cikinta. Matsalarsu ta fi ta Bassam tsanani, don yanzu kurmin ne ke ƙarewa. An ƙiyasta cewa ƙasar tana da hekta miliyan 16 na kurmi a farkon ƙarni na 20. Ƙidayar da aka bayyana a 2021 ta samu ƙasa da miliyan 3. Gonakin koko sun ci kaso mafi girma. Tun 2013 doka ta haramta tsaga katako da injin hannu a daji, alhali manyan masana'antu sun fi karkata ga kasuwar waje. Mai rumfa a Adjamé yana tsakanin katako mai takarda da ya yi wa kafinta tsada, da mai araha wanda jami'an gandun daji za su iya kamawa a hanya.