Auto ISO: Dalilin Da Ya Sa Hoton Dare Ke Fita Yashi-Yashi A Waya

Wayar da ke ɗaukar hoto tangaran da rana, ita ce dai ke fitar da hoto mai yashi-yashi da zarar magariba ta yi. Da yawa kan ɗauka kyamarar ce ta lalace, ko kuma an sayar musu da jabu. Galibi ba haka abin yake ba. Aikin wani saiti ne da ake kira ISO, wanda waya ke juya shi da kanta ba tare da ta tambayi mai ita ba.

Mene ne ISO?

ISO lamba ce da ke nuna yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da ya shigo mata. Sunan na hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ne, wadda ke da hedikwata a Janiba. A zamanin fim, Amurka na da nata ma'auni mai suna ASA, Jamus kuma na da DIN. A shekarar 1974 aka haɗe su a ƙarƙashin ISO, kuma da kyamarar dijital ta zo sai ta gaji lambobin.

Lissafin ba shi da wuya. Duk lokacin da lambar ta ninka, daga 100 zuwa 200 ko daga 400 zuwa 800, hasken hoton ma ya ninka. Sai dai ɗaga ISO ba ya ƙara yawan hasken da ke shiga kyamara. Kamar rediyo ne da tasha ba ta kamu sosai ba: idan aka ƙure murya za a ji magana, amma shuuu ɗin ma zai ƙaru. Yashin da ake gani a hoto shi ne wannan shuuu ɗin.

Yadda Auto ISO ke yanke hukunci

Abubuwa 3 ne ke tantance hasken hoto: faɗin ƙofar da haske ke bi, tsawon lokacin da kyamara ke ɗauka tana karɓar hasken, wato saurin ƙiftawarta, sai kuma ISO. A manyan kyamarori irin na Canon, Nikon da Sony ana iya juya dukkansu. A yawancin wayoyi kuwa ƙofar a kafe take, sau da yawa kusan f/1.8. Galaxy S9 na 2018 na cikin 'yan kaɗan da suka zo da ƙofa mai sauyawa tsakanin f/1.5 da f/2.4. Saboda haka ƙiftawa da ISO kaɗai suka rage wa waya.

Da rana waya kan tsaya a ISO 50 ko 100, ta yi saurin ƙiftawa. Idan haske ya ragu, sai ta fara jinkirta ƙiftawar. Amma jinkirin na da iyaka, domin rawar hannu ko motsin wanda ake ɗauka zai sa hoton ya yi dishi-dishi. A nan ne take ɗaga ISO. Misali, a cikin ɗaki hoto zai iya fita daidai a ISO 400 da ƙiftawar 1/30 na daƙiƙa. Idan yaro ne mai wasa ake son tsayarwa, ana buƙatar kusan 1/125. Hasken da zai shigo ya ragu kusan sau 4, don haka dole ISO ya hau zuwa 1600.

Waya ta fi shan wahala a nan saboda ƙanƙantar sansarta, wato farantin da ke karɓar haske. Na babbar kyamara kan kai milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi, wanda ya fi na wayoyi da dama girma fiye da sau 30. Shi ya sa ISO 1600 kan fita tsaf a babbar kyamara, amma ya ɓata hoton waya.

Inda saitin ke kuskure

Kyamara ba ta san dare ya yi ba. Burinta kawai ta mayar da kowane hoto mai matsakaicin haske. A wajen biki da daddare, duhun da ke bayan amarya kan ruɗe ta, ta ɗaga ISO, fuska ta yi fari fat, adon kaya ya ɓace. Haka ma mai tallar atamfa ko leshi a WhatsApp: ISO mai yawa na kashe launi, manhajar da ke goge yashin kuma ta shafe zanen yadin. Kaya na isa, mai saye ya ce ba abin da ya gani a hoto ba ke nan.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a nemi haske kafin a taɓa kowane saiti. Matsawa bakin taga ko ƙarƙashin fitila ya fi duk wata dabara.

Na biyu, a taɓa fuskar wanda ake ɗauka a kan allo, sannan a ja alamar ranar da ta bayyana a rage hasken kaɗan.

Na uku, ga abin da ba ya motsi, a shiga sashen Pro da ke cikin wayoyin Samsung, Tecno, Infinix da Xiaomi da dama. A kafe ISO a 100, a jingina wayar da wani abu, a bar ƙiftawa ta yi jinkiri. Manhajar kyamarar iPhone ba ta da wannan zaɓi, sai an sauke wata kamar Halide.

Na huɗu, a yi amfani da saitin dare, wanda Google ta fitar a 2018, Apple kuma a 2019 tare da iPhone 11. Yana ɗaukar hotuna da yawa a jere ya haɗe su, yashin ya ragu. Sharaɗinsa shi ne kowa ya tsaya cak.

Na biyar, wajen ɗaukar bidiyo a ƙarƙashin wutar lantarki a Najeriya da Nijar, a saka ƙiftawa a 1/50 ko 1/100, domin wutar na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Hakan na hana layukan da ke yawo a kan bidiyo.

Ga abin da ke gudu kuwa, kamar dawakin hawan salla ko 'yan ƙwallo da yamma, gara a saka ƙiftawa a 1/500 a bar ISO a kan Auto ya hau yadda ya ga dama. Ana iya rage yashi da manhajar gyaran hoto daga baya, amma hoton da motsi ya ɓata da wuya ya gyaru.