MADUGUN TAURARI: tafiyar ɗan wasa cikin sararin samaniya

Duk wanda ya taɓa yin dare bakin tabkin Madarunfa bayan kaka, ran da babu hazo, ya san yadda sama ke cika da taurari. Masunta na gyaran taru, yara na kwance bisa tabarma, tsofaffi na nuna musu Kaza da ƴaƴanta. Da asuba kuma ga Gamzaki ya fito. Tambayar yara ba ta sakewa: ina nisan taurarin nan, kuma akwai wanda ya taɓa zuwa can?

Har yau ɗan Adam bai wuce wata ba. Mutane 12 suka taka shi daga 1969 zuwa 1972. Amma akwai wani irin wasa na kwamfuta, na'urar da ƴan lakol ke ce ma ordinatar, wanda ke ba mutum jirgi da taswira ya shiga cikin taurari yana zaune a ɗaki. Iyaye da malamai da ma'aikatan hukuma suna jin labarin irin waɗannan wasanni a bakin samari. Ya kamata su san abin da ke ciki kamin su yaba ko su hana.

Asalin wasan

A shekarar 1984 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fito da wani wasa mai suna Elite. Kwamfutar wancan zamani ba ta da ƙwaƙwalwa mai yawa, duk da haka sun yi dabarar da ta sa ta ƙirƙiro garken taurari 8, kowane garke da duniyoyi 256. Bayan shekara 30, cikin watan Disamba na 2014, kamfanin Braben mai suna Frontier ya fito da Elite Dangerous. Akwai wasu wasannin masu kama da shi, kamar Mass Effect na 2007 da Starfield na 2023, amma wannan ya bambanta da su wajen girman fili.

Farin zanen nan da ke ratsa sama da dare kamar hayaƙi, shi ne garken taurarin da ranarmu ke ciki. Masu wasan sun kwaikwaye shi bisa girmansa na gaskiya. Sun sa gidajen taurari miliyar 400, watau miliyan dubu 400. Gidan tauraro shi ne rana guda tare da duniyoyin da ke kewaya ta. Kimanin dubu 150 daga cikinsu an ɗauko su daga littattafan masanan taurari, da sunansu da wurinsu. Sauran kuwa kwamfuta ce ta ƙirƙiro su bisa ka'idodin kimiyya.

Ranar farko

Wanda ya shiga wasan ba ɗan kallo ba ne kamar a silima. Shi ne mai jirgi, ana kiransa kwamanda. Labarin ya fara a shekarar 3300. Ana ba shi aron wani ƙaramin jirgi mai suna Sidewinder da kuɗin wasa 1000, daga nan sai a bar shi da dabararsa. Ba wanda zai ce masa ga inda za ka. In ya so ya yi fatauci, ya sayi kaya da araha a wata tasha ya kai inda suke da tsada. In ya so ya haƙi ma'adini, ko ya yi dakon fasinja, ko ya shiga aikin soja. In kuwa ya so, ya bar ƙasar mutane ya tafi neman abin da ido bai taɓa gani ba.

Kwanakin farko na shan wuya ne. Fitar da jirgi daga ƙofar tasha kaɗai aiki ne, domin ƙofar ƴar siririya ce, kuma wanda ya tsaya ya tare hanya ana ci masa tara, in ya daɗe a harbe jirginsa. Sai ya nemi izini kamin ya sauka, a ba shi lambar wurin da zai ajiye jirgi, ya nemo lambar da kansa. Duk wannan a rubuce yake zuwa. Wasan yana da Faransanci da Ingilishi da wasu harsunan Turai, amma ba shi da Hausa. Wanda bai iya karatu ba ko ƙofar tasha ba zai wuce ba.

Guzuri da lissafi

Nisan taurari ba a auna shi da kilomita. Haske na gudun kilomita dubu 300 a daƙiƙa guda, kuma daga rana zuwa ƙasa yana ɗaukar minti 8 da ƴan kai. Tafiyar da yake yi cikin shekara guda ita ake ce ma shekarar haske. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu yana bisa nisan shekarar haske 4 da ɗoriya. Kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, zai buƙaci sama da shekara dubu 70 kamin ya ci wannan nisa. A cikin wasan kuwa an ƙaga wani inji mai tsallake, wanda ke ɗauke jirgi daga wannan rana zuwa waccan cikin minti guda ko ƙasa da haka.

Kowane tsallake yana cin mai. A ƙasar mutane akwai tashoshi. Wanda ya fita daji kuwa sai ya ɗebi mansa daga jikin taurari, da wani kayan aiki da ke zuƙo iskar da ke tashi daga rana. Nan ne wuri mai hatsari. In ya matsa kusa ƙwarai jirgi ya ɗau zafi ya fara lalacewa, in ya yi nisa bai samu komi ba. Ban da haka ba kowane tauraro ke ba da mai ba. Masana sun kasa taurari gida-gida da haruffa, kuma bakwai ne kaɗai ake ɗiba daga gare su: O, B, A, F, G, K da M. Ranarmu tana gidan G. Ɗan wasa dole ya haddace su, ya duba taswira, ya ƙidaya tsallake nawa mansa zai kai shi kamin ya tarar da tauraro mai amfani.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga jikokin fatake. Madugun da ke jan ayari zuwa Gwanja neman goro, ko wanda ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Bilma neman gishiri, haka yake lissafi: zango nawa tsakanin wannan rijiya da waccan, salka nawa ta rage, wace rijiya ce ke ƙafewa da rani. Kuskuren lissafi guda ya isa ya halaka ayari.

Kaɗaici da riba

Abin da masu dogon zango suka fi ambato shi ne shiru. Mutum na iya yin makonni bai gamu da jirgin kowa ba. Tsallake, ɗiban mai, auna duniyoyi, sake tsallake. Yawancin abin da yake tararwa duwatsu ne da ƙanƙara. Amma wata rana sai ya faɗa bisa wata duniya shuɗiya mai teku da gajimare, ko wata mai zobba kewaye da ita, wadda babu ɗan wasan da ya taɓa gani. In ya koma tasha lafiya ya sayar da labarin abin da ya auna, ana biyansa, kuma ana rubuta sunansa bisa taswira a matsayin wanda ya fara gano wurin. Duk wanda ya biyo baya zai karanta sunan.

Sai dai labarin ba ya zama nasa sai ya kai shi gida. In jirginsa ya tarwatse a hanya, aikin watanni ya bi iska. Shi ya sa mai dawowa daga nesa yake shiga tasha gabansa na faɗuwa, kamar falken da ya hango ganuwar gari da jakunansa cike da kaya, ya san kuma ƴan fashi sun fi yawa kusa da gida.

Filin yana da girma har ya wuce misali. Bayan shekara takwas ana wasan, dukan ƴan wasan duniya ba su ziyarci ko gida ɗaya cikin dubu ba. Kuma lissafin kwamfutar ya taɓa dacewa da gaskiya. A watan Fabrairu na 2017 hukumar NASA ta ba da sanarwar duniyoyi bakwai da ke kewaya wani ƙaramin tauraro mai suna TRAPPIST-1, bisa nisan shekarar haske kusan 40. Da aka duba taswirar wasan, sai aka tarar tun da farko kwamfuta ta sa wani gida mai duniyoyi bakwai kusa da wurin. Kamfanin ya gyara shi ya sa masa sunan na gaskiya.

Kaza da ƴaƴanta ma tana cikin taswirar, kuma ana zuwa can. Nisanta shekarar haske wajen 440 ne. Ke nan hasken da yaran Madarunfa ke gani yau ya baro ta tun kamin a kafa Maraɗi, zamanin da ayarin Arewa ke sauka Birnin Katsina.

Masu kai ɗauki

Wanda mansa ya ƙare a daji ya shiga uku. Injin ya mutu, fitilu sun mutu, agogo ya fara ƙidaya mintocin iskar shaƙa da ta rage masa. A 2015 wasu ƴan wasa suka kafa ƙungiyar sa kai mai suna Fuel Rats, watau ɓerayen mai. Wanda ya maƙale yana aika musu saƙo ta intanet. In iskarsa ta fara ƙarewa, abin da suke fara ce masa shi ne ya fita daga wasan nan take domin agogon ya tsaya. Daga nan wani ya bar abin da yake yi, ya tuƙa jirginsa, wani lokaci tafiyar awoyi masu yawa, ya kai masa mai. Ba su karɓar ko dala. Kamin su rabu suna koya masa yadda zai kauce ma irin wannan gobe. Sun ceci dubban mutanen da ba su san fuskarsu ba.

Akwai kuma ayari. A watan Janairu na 2019 ƴan wasa fiye da dubu 13 suka rubuta sunansu a wata tafiya da aka sa ma suna Distant Worlds 2. Nufinsu su kai Beagle Point, can ɗaya gefen garken, nisan shekarar haske dubu 65. Jirgin da ke tsallake shekarar haske 50 a tashi guda sai ya yi tsallake 1300 kamin ya ci wannan nisa, in ya miƙe bai ratse ba. Ayarin yana da zangogi, da masu gyara, da masu ɗaukar mai. Tafiyar ta ci wata huɗu da ƴan kai, kuma waɗanda suka kai ƙarshe ba su cika dubu 4 ba.

Abin dubawa ga iyaye

Wasan yana da tsada ga mutumin karkara. Ba ya aiki bisa wayar hannu. Yana son kwamfuta mai ƙarfi, da wutar lantarki, da intanet da ba ta yankewa. Tun watan Maris na 2025 kamfanin Starlink ya fara ba da intanet ta tauraron ɗan Adam a Nijar, abin da ke sa irin waɗannan abubuwa su ƙara kusantar garuruwa kamar Madarunfa. Gara a san su tun ba su shigo gida ba.

Babban abin da yake ci shi ne lokaci. Wasa ne wanda ba shi da ƙarshe, kullum akwai wani tauraro a gaba. A 2019 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Alamarta ita ce mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa bisa karatu da aiki da iyali, ya ci gaba ko da ya ga ɓarnar, har abin ya kai shekara guda. Yaron da ya kwana yana yawo cikin taurari ya kasa tashi lakol, ko ya bar gona a tsakiyar damina, ya yi asarar da babu ɓeran man da zai cece shi.

Amma hani kawai ba magani ba ne. Uba na iya yanka ma ɗansa lokaci, ya zauna kusa da shi ya tambaye shi abin da yake gani. Malamin lakol na iya ɗaukar lissafin mai da na nisa ya mai da shi darasi a allo. Sha'awar sama tana kai mutum nesa in ta samu karatu. Shaikh Modibo Diarra, wanda aka haifa a Nioro ta Sahel cikin ƙasar Mali a 1952, ya yi karatu a Paris da Amurka har ya zama mai tsara hanyar kumbo a NASA. Yana cikin waɗanda suka yi aikin kumbon Pathfinder da ya sauka bisa duniyar Mars ranar 4 ga Yuli 1997. Ɗan Sahel ne, kuma jirgin da ya yi ma jagora na gaske ne.

Jirgin wasa ba ya ɗaga kowa daga tabarma. Abin da ɗan wasa ke fitowa da shi na gaskiya shi ne karatun taswira, lissafin guzuri, haƙuri da doguwar hanya, da kai ɗauki ga wanda ya maƙale. Waɗannan kuwa madugai sun san su tun kamin a ƙera kwamfuta. Yaron da ya rufe na'urarsa ya fita bakin tabki ya ɗaga kai, in ya iya faɗa ma kakansa nisan Kaza da ƴaƴanta, kakan kuma ya faɗa masa abin da fitowarta ke nuna ma manomi, to lokacin da ya kashe bai tafi banza ba.