Yadda dandaƙar saman alminiyam ke ƙara wa sassan jirgin sama tsawon rai

Duk jirgin da ya tashi ko ya sauka a filin jirgin saman Maiduguri, na fasinja ne ko na Rundunar Sojin Sama, fikafikansa na lanƙwasawa kaɗan sannan su koma yadda suke. Akasarin waɗannan sassa an ƙera su ne da alminiyam da aka gauraya da wasu ma'adanai, kamar samfurin 2024 mai tagulla da 7075 mai zinki.

Maimaituwar lanƙwasar sau dubbai tana haifar da abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe: tsaga ƙanƙanuwa ta ɓullo, galibi daga sama, a bakin rami ko inda aka karce, ta yi ta girma har sashen ya karye. Gajiyar ƙarfe ce ta tarwatsa jiragen Comet biyu na Birtaniya a sararin sama a shekarar 1954.

Ɗaya daga cikin hanyoyin rigakafi ita ce dandaƙa. Ana fesa wa sashen ƙananan ƙwallaye na ƙarfe, gilashi ko tangaran da iska mai ƙarfi. Kowace ƙwallo kan bar ɗan loɓa, kamar bugun gudumar maƙeri. Saman ƙarfen ya so ya baje, na ƙarƙashinsa ya riƙe shi, sai saman ya kasance a matse. Tsaga kuwa ba ta buɗewa sai an ja ƙarfe, don haka matsin yake jinkirta ɓullarta da girmanta.

Sai dai alminiyam na da laushi. Idan bugun ya wuce kima, saman zai yi kaushi, loɓa mai zurfi ta zama mafarin tsagar da ake gudu. Shi ya sa ake auna ƙarfin feshin da wani sillen ƙarfe mai ɗauke da sunan John Almen, injiniyan kamfanin General Motors na Amurka. Dandaƙa da hasken lesa na kai matsin fiye da milimita 1, alhali na ƙwallaye bai cika wuce rubu'in milimita ba, amma ta fi tsada.

Tunda matsin bai da zurfi, gogewa da sanfefa yayin gyara na iya shafe shi. Wajibi ne masu gyaran jirage su sake dandaƙar duk wurin da suka goge, bisa ƙa'idar kamfanin da ya ƙera jirgin.