Yawan Jama'a, Kasafin Kuɗi da Makomar Aikin 'Yan Sanda a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Sau da yawa jama'armu na karkara sukan tambaya: me ya sa idan an kai kuka caji ofis ake cewa babu isassun ma'aikata? Wannan tambaya ce da ta cancanci amsa, musamman a yankin da hare-haren 'yan bindiga suka hana manoma zuwa gonakinsu. Amsar kuwa tana cikin lissafi guda uku: yawan jama'a, yawan masu barin aiki, da kuɗin biyan albashi.

Wa ke biyan ɗan sanda?

Sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kafa rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Saboda haka albashin ɗan sandan da ke aiki a Zurmi ko Shinkafi daga kasafin kuɗin Gwamnatin Tarayya yake fitowa, Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda kuma ita ke da alhakin ɗauka da ƙarin girma. Abin da jiha da ƙananan hukumomi kan bayar tallafi ne, kamar motoci, man fetur da alawus.

Lissafi na farko: yawan jama'a

Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙauran Namoda tana da mutane sama da 280,000, Zurmi sama da 290,000, Shinkafi kuma kimanin 135,000. Jimillarsu ta haura 700,000. Ma'aunin da aka fi ambatawa shi ne ɗan sanda ɗaya ga kowane mutum 450. Bisa wannan ma'auni, ƙananan hukumomin uku suna bukatar 'yan sanda kusan 1,600 tun a wancan lokaci. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara kuwa takan ninka cikin shekara 23 zuwa 24, bukatar jami'ai ma haka take ninkawa. Bugu da ƙari, Zurmi tana iyaka da Jamhuriyar Nijar da Jihar Katsina, Shinkafi kuma da Jihar Sakkwato, ga ƙauyuka a warwatse, abin da ke sa aikin ya fi na birni cin ma'aikata.

Lissafi na biyu: masu ajiye aiki

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce jami'i zai yi ritaya idan ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wanda ya riga zuwa. A shekarar 2000 gwamnatin Shugaba Olusegun Obasanjo ta ba da umarnin ɗaukar kurata 40,000 a kowace shekara har tsawon shekara biyar. Waɗanda suka shiga aiki tsakanin 2000 da 2004 za su cika wa'adinsu tsakanin 2035 da 2039. Kamar yadda suka shigo tare, haka za su fita tare, kuma su ne yau ƙwararrun rundunar. Idan ba a fara horar da magadansu da wuri ba, giɓin zai fi shafar ofisoshin karkara, inda dama ba kowa ke son a tura shi ba.

Lissafi na uku: albashi da fansho

Duk ɗan sandan da aka ɗauka yau, nauyi ne a kan kasafin kuɗi na shekara 35. Ban da albashi, akwai horo, kayan sarki, bariki, da kashi 10 cikin 100 da Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa gwamnati ta zuba a asusunsa, shi kuma ana cire masa kashi 8. A Disambar 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ƙarin kashi 20 cikin 100 ga albashin 'yan sanda, a 2024 kuma aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000. Sai dai a wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, ta cinye kaso mai yawa na ƙarin. Tarihi ya nuna illar sakaci da wannan batu: a Fabrairun 2002 ƙananan 'yan sanda sun shiga yajin aiki kan haƙƙoƙinsu, a 2025 kuma tsofaffin jami'ai sun yi zanga-zanga a Abuja kan ƙarancin fansho.

Wannan lissafi ya shafi jiharmu kai tsaye. A Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara sama da 2,600, waɗanda jiha ke biya. Ko da za a kai ga kafa 'yan sandan jiha, tambayar ba za ta sauya ba: da wane kuɗin shiga za a riƙe su shekara da shekaru?

Abin da ke hannunmu

Ana raba guraben kurata ne bisa jihohi da ƙananan hukumomi. Wanda zai nema sai ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 25, yana da sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da takardar haihuwa da ta asalin ƙaramar hukuma. Neman aikin kyauta ne, don haka kada kowa ya ba wani ko sisi. Yaron da ya bar makaranta a bana ba zai iya cike gurbin garinsu ba nan da shekara goma.

Domin haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai da masu unguwanni da su tabbatar ana yi wa jarirai rajistar haihuwa, ana adana sahihan alƙaluman mazauna kowace gunduma har da 'yan gudun hijira, kuma ana sanar da matasa da zarar an buɗe ɗaukar aiki. Da waɗannan alƙaluma ne wakilanmu za su nemi ƙarin jami'ai da hujja. Masu iya magana sun ce, da sauran shan ruwa ake gina wata rijiya.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.