Dawakai Biyu, Garkuwa da Mikiya: Me Tambarin Najeriya Ke Faɗa?

Yana jikin fasfo, yana kan takardun gwamnati, yana saman kujerar alƙali, amma ƙalilan ne suka taɓa tsayawa suka ƙare masa kallo. Tambayi mutum abin da ke cikin tambarin Najeriya, zai ce maka dawakai biyu, daga nan sai sosa ƙeya.

Kafin wannan tambari akwai wani. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, Turawa sun yi amfani da koriyar tauraruwa mai tsini shida da kambin sarautar Ingila a tsakiyarta. Gwamna Lugga ya ce a jikin wata butar tagulla da sojojinsa suka kwaso bayan cin Kwantagora ya ga zanen, wanda ake kira hatimin Annabi Sulaimanu. Dattawan da suka yi ciniki da kwabo mai huda sun san tauraruwar nan sarai.

Na yanzu kuwa a 1960 aka samar da shi, shekarar mulkin kai. Baƙar garkuwar da ke tsakiya tana nufin ƙasar noma mai albarka. Fararen layukan nan masu lanƙwasa da suka haɗe suka gangara ƙasa, kogin Kwara ne da Binuwai, mahaɗarsu kuma Lakwaja. A ganina nan ne hikimar zanen take: ƙasa mai ɗaruruwan ƙabilu, ba a ɗauki alamar ko ɗaya ba, aka ɗauki ruwan da kowa ke sha. Dawakan na nuna martaba, kuma wanda ya taɓa ganin hawan sallah ba sai an yi masa dogon bayani ba. Jar mikiyar alamar ƙarfi ce, tana tsaye kan wani abu kamar gammo mai kore da fari, launukan tuta.

Furannin da ke ƙarƙashin kofaton dawakan su ne furen ƙasa, Costus spectabilis a bakin masana tsirrai. Abin mamaki, a daji ruwan ɗorawa ne, amma sau da yawa ja ake zana shi.

Taken da ke rubuce a ƙasa ma ya sauya. Tsabar kuɗin 1973 na ɗauke da "Haɗin Kai da Imani" kawai, da Turanci. A 1978 aka ƙara "Zaman Lafiya da Ci Gaba", shekara takwas bayan ƙarewar yaƙin basasa, kuma haka yake a sashe na 15 na tsarin mulkin 1999.