Rumbun da ba a gani a kan hanyar intanet

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Manhajojin bankuna suka riƙa sarƙewa a Nijeriya, aka yi ta kiran a ƙaro wayoyi. Kusan ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa abin da ɗan Kano ke nema sai ya ƙetare teku tukuna.

Dabarar rage wannan doguwar tafiya tsohuwa ce. Mai kula da layi yakan ajiye kwamfuta a tsakanin jama'a da duniyar waje. Mutum na farko ya buɗe shafi, ta riƙe kwafinsa. Na biyu ya nema, sai ta miƙa masa daga rumbunta, ba tare da ya saita komai ba, ba ma ya sanin tana nan.

Waɗanda suka riƙe shagunan kafe na intanet a Nijeriya a farkon shekarun 2000 sun san darajarta. Yawancinsu tauraron ɗan'adam suka dogara da shi, mai nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa, kuma kowane saƙo kan ci fiye da rabin daƙiƙa kafin amsa ta dawo. Kuɗin layin ma ba a magana. Manhajar Squid, wadda Duane Wessels ya fitar a 1996 kuma kyauta ce, ita ta rufa wa da yawansu asiri: tsohuwar kwamfuta guda a lungu, hotunan shafin Yahoo su sauko sau ɗaya, kowa ya samu. Matasan da suka koyi saita ta a ɗakunan da janareto ke ruri sun cancanci a rubuta tarihinsu, amma shiru kake ji. Squid tana da aibi, ba shakka. Idan an saita ta da ganganci, sai a sabunta shafin sakamakon jarrabawa, ɗalibi kuwa na ta kallon na jiya.

Yau wannan salo ya ja baya. Shafuka sun koma HTTPS, saƙo a kulle yake tun daga wayarka har inda za shi, na tsakiya ba ya iya karantawa balle ya ajiye. Tun Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba a kulle ba tambarin rashin tsaro. Sai manyan kamfanoni suka ɗauki aikin da kansu: Google da Netflix suna kai na'urorin ajiyarsu cikin cibiyoyin kamfanonin sadarwa da mahaɗun intanet, irin IXPN da aka kafa a Legas a 2006.

To, ina jami'o'inmu da ma'aikatun jihohi? Hukumar da ta ɗora shafin ɗaukar ma'aikata a kan kwamfutar haya a Turai ta tilasta wa kowane mai neman aiki bin waɗancan wayoyin teku, da datar da ya saya da kuɗin aljihunsa. Majalisun jihohi su tambayi kwamishinoni a ina shafukansu suke zaune, kuma layin sakatariya ya haɗu da IXPN ko bai haɗu ba.